Daga Kolambos zuwa Los Anjalis: abin da hannuna ya aikata a bakin hanya

'Yan'uwa na Garwa da kewaye, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ba ku labarin tafiyar da muka yi a mota cikin watan Yuli, ni da mai ɗakina da yaranmu biyu, daga Kolambos ta jihar Ohayo inda muke zaune har zuwa Los Anjalis ta jihar Kalifoniya, domin ɗaurin auren 'yar kawuna. Nisan ya haura kilomita 3,600, wato kamar mutum ya taso daga Ngaundare ya ratsa Garwa da Marwa har Kusiri kusan sau biyar. Kuɗin jirgi na mutum huɗu ya fi ƙarfin aljihuna, kuma na daɗe ina marmarin yaran su ga faɗin ƙasar da suke girma a cikinta, shi ya sa muka zuba kaya a but, aka haɗa da buta da darduma da dambun naman da uwarsu ta kwana biyu tana yi, muka kama hanya bayan sallar asuba.

Maganar titi ba za ta ɗauke ni lokaci ba, domin duk wanda ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Dabanga da damina ya san abin da zan kwatanta shi da shi. Waɗannan manyan hanyoyi sun samo asali daga dokar da shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956, kuma a jihohin yamma ana yin gudun da ya kai kilomita 120 a awa bisa ƙa'ida. Duk bayan wani ɗan nisa akwai wurin hutawa mai bayan gida da ruwan sha, ba a karɓar ko kwabo. A gidan mai babu yaron da zai zuba maka, kai ne za ka sa katinka a jikin famfo ka zuba da hannunka, kuma ba za ka ga zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a kwalba a gefen titi ba. A jihar Oklahoma akwai kuɗin hanya, amma babu shinge, na'ura ce take ɗaukar hoton lambar mota, takardar biya ta iske ka a gida. Na yaba da wannan tsari, sai dai na yi kewar shingenmu na sefa 500, inda tun mota ba ta tsaya ba mata da yara sun kewaye ta da gyaɗa da dabino da dafaffen ƙwai. A nan kuwa sai ka yi awa uku kana tuƙi ba ka ga ɗan Adam yana tafiya da ƙafarsa ba, abincin bakin hanya kuma rabinsa akwai naman alade, har karin kumallon masauki sai an yi taka-tsantsan. Ba don dambun nan ba, da yaran sun wuni a kan burodi da dankali.

Mun yada zango a Sent Luwis, muka hau dogon bakan ƙarfen nan da ke bakin kogin Misisipi, wanda tsayinsa mita 192 ne, aka kuma kammala shi a 1965. Daga sama na hango jiragen dakon kaya suna tafiya a kan ruwa, sai tashar jiragen ruwa ta Garwa a bakin Binuwai ta faɗo mini a rai, wadda iyayenmu suke ba mu labarin hada-hadarta. A kusa da Amarilo ta jihar Teksas kuma muka tsaya kallon wasu motoci 10 ƙirar Cadillac da aka binne kansu a ƙasa tun 1974, wai aikin fasaha ne, baƙi suna zuwa suna fesa musu fenti. Yaran sun ji daɗi, ni kuwa raina bai so ba, domin na san bakaniken da zai iya tayar da irinsu su yi shekara 20 suna jigilar albasa.

Bayan mun shiga jihar Niyu Meziko, ranar Asabar da misalin ƙarfe uku na rana, ƙasa ta koma ja, duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suka fara bayyana, har na ce wa mai ɗakina wannan wuri yana tuna mini hanyar Mindif. Ban rufe baki ba sai ga tururi yana tashi daga gaban motar. Na gangara gefe na buɗe, na tarar tiyon ruwan lagireto ya tsage. Zafin wurin bai da bambanci da na Marwa a watan Afrilu, babu inuwa, babu gari kusa, wayata kuma layi yana zuwa yana ɗaukewa. Mun fi minti 40 a wurin, manyan motoci da ƙanana suna wucewa kamar iska, babu wanda ya ko rage gudu. Muna cikin haka sai na hango motar 'yan sanda ta madubi, ta kunna fitilunta ta tsaya a bayanmu.

A nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru. Na jawo lasisina da takardar inshora, kuma tun kafin in ankara hannuna ya zaro takardar dala 20 ya ninke ta gida huɗu ya cusa a tsakaninsu. Na buɗe ƙofa na nufi motar ɗan sandan da sauri, kamar yadda kowane direba yake yi a gida idan yana so a gama da shi cikin mutunci. Sai na ji wata irin tsawa ta lasifika tana umartata in koma cikin mota, na ga mutumin ya fito hannunsa a kan ƙugu kusa da bindiga. Babban ɗana, mai shekara 14, ya ɗaga murya yana cewa, "Baba, don Allah ka dawo, ka ɗora hannuwanka a kan sitiyari, kada ka taɓa aljihu!" Uwarsu tana ta salati. Duk baƙin mutumin da ke zaune a ƙasar nan yana tuna abin da ya faru da George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sanda a 2020, ni ma na san ƙa'idar cewa ba a fitowa daga mota, amma a wannan lokaci tsohon sabo ne ya yi aiki, ilimin ya tsaya a baya.

Na koma na zauna, ya zo bakin taga ya tambaya ko akwai wanda bai da lafiya, ko muna da ruwan sha, sa'an nan ya nemi lasisi. Na miƙa masa a ruɗe, na manta sarai da abin da ke ciki. Ya buɗe, kuɗin ya bayyana. Ya dube ni na wani ɗan lokaci, ya riƙe takardar da yatsa biyu ya miƙo mini, ya ce wannan tawa ce, kuma in kiyaye nan gaba, domin wani zai iya ɗaukar abin a matsayin cin hanci, wanda laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya na gida, to ni ranar nan duka biyun suka same ni a wuri guda. Tsawar ba ta yi mini ciwo ba kamar yadda na ga ɗana ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa. Mutumin ya kira mana motar jan mota, ya kawo wa yara ruwa mai sanyi daga motarsa, ya bar fitilunsa a kunne a bayanmu don kada wata babbar mota ta kwashe mu, bai tafi ba sai da aka ɗora tamu. Ban ce duk 'yan sandan ƙasar nan haka suke ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

Na san inda na koyi wannan ninki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne tsakanin Garwa da Ngaundare, kuma na yi masa yaron mota a lokutan hutu. Tun shinge yana nesa zai ce mini, "Kai, shirya takardu," ni kuma na san ma'anar shiryawar. Mutumin kirki ne mai sallah a kan lokaci, takardunsa cikakku ne, amma bai taɓa yarda cewa cikakkun takardu kaɗai za su wuce da shi ba. Kullum muna zagin masu tsayawa a shinge, kuma sun cancanci zargi, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa muke miƙawa tun ba a tambaye mu ba? Mun sa masa suna na goro don kada ya yi mana nauyi a baki. Mai motar da birkinta bai da kyau yana bayarwa ya wuce da rayukan mutum 18, wanda bai da katin shaida yana bayarwa, wanda yake da komai shi ma yana bayarwa don kada a ɓata masa lokaci, har ya zama wanda ya ƙi bayarwa shi fasinjoji suke yi wa tsaki. Shekara 11 ke nan da na bar gida, babu wanda ya taɓa neman sisi a hannuna a kan titi, amma da na ga kaki sai hannun ya tuna.

Duk da haka kada wani ya zaci daga nan sai daɗi. Mai jan motar ya karɓi fiye da dala 300, abin da ya haura sefa 150,000, kuma bai san wani abu wai shi ragi ba. Garejin da ya kai mu a wani ƙaramin gari ya riga ya rufe, Lahadi ba sa aiki, sai muka kwana biyu a masauki muna biya. Ranar Litinin na roƙi bakaniken ya ɗaure tiyon mu lallaɓa, ya ce shi ba ya faci, sai dai a sa sabo, kuma sai an aiko da shi daga wani gari. Kuɗin aikinsa da awa ake lissafawa. A gida da tuni wani yaro ya zo a kan babur ya naɗe wurin da robar tsohuwar taya, ya cika lagireto da ruwan rijiya, mun kai inda za mu. Ina tuna wata rana da motar mahaifina ta lalace a gangaren Mbe, muka jera ganye a kan titi, direbobi uku suka tsaya, wani ya ba da sifana, wani ya shiga ƙarƙashin mota da rigarsa, da magariba kuma mutanen ƙauye suka aiko mana da tuwo alhali ba su san ko sunanmu ba. A nan an mayar da taimako aikin hukuma da kamfani, kowa yana ganin akwai lambar da za ka kira, saboda haka babu ruwansa. Sai dai adalci ya sa in faɗa cewa bakaniken ya rubuta mini kuɗin tun kafin ya taɓa motar, bai ƙara komai a kai ba, ya nuna mini tsohon tiyon da ya cire, ya ba ni rasit da alkawarin gyara kyauta idan sabon ya ba da matsala. Nawa ne daga cikinmu aka taɓa sa wa tsohon kaya a gareji da sunan sabo?

Daga nan muka wuce Arizona zuwa Giran Kanyon, wani kwazazzabo da kogin Kolorado ya haƙa, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya haura mita 1,600. Da muka isa bakinsa mai ɗakina ta kama hannun ƙaramar tana tasbihi, domin duwatsun hawa-hawa ne, ja da ruwan ƙasa da fari, kogin kuma can ƙasa kamar zare. Wurin yana ƙarƙashin kulawar gwamnati a matsayin gandun ƙasa tun 1919. Mun biya dala 35 kuɗin mota ɗaya, takardar tana aiki kwana 7, a ciki kuma akwai motocin safa kyauta da famfunan ruwa da allunan bayani, kuma babu wanda ya biyo mu yana cewa dole sai ya yi mana jagora. Ina tsaye a wurin tunanina yana kan Rumsiki da Waza. Duwatsun Kapsiki ba abin rainawa ba ne a ko'ina a duniya, Waza kuma gandun ƙasa ne tun 1968. Gaskiya ne rashin tsaro ya kori baƙi daga yankin tun 2013, amma kafin nan ma, mutum nawa ne a unguwarmu suka taɓa ɗaukar iyalinsu suka je? Mun bar wa Nasara kallon ƙasarmu, muna cewa ɓata kuɗi ne, ga shi ni da aka haifa a Garwa na zo na ga kwazazzabon wasu ban taɓa taka Rumsiki ba.

Madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka gama a 1936 mai tsayin mita 221, mun leƙa ta a gurguje saboda kwanakin da gareji ya cinye mana, na dai gaya wa yaran cewa mu ma muna da madatsar Lagdo. Las Begas kuwa ko tsayawa ban yi ba.

A kan hanyar shiga Kalifoniya akwai wani shinge na masu duba kayan gona, domin jihar tana tsoron ƙwarin da ke lalata amfaninta. Tun daga nesa na lura ɗana ya daina kallon waya, idonsa yana kan hannuna. Na ɗora su biyun a kan sitiyari na sauke gilashi. Wata mata mai hula ta tambaya daga ina muke, ko muna ɗauke da 'ya'yan itace ko tsirrai. Mai ɗakina ta nuna mata ragowar lemo guda uku a leda, matar ta karɓa ta jujjuya su ta dawo mana da su, ta ɗaga hannu muka wuce. Bayan kamar kilomita 10 sai yaron ya ce, "Baba, idan mun je Garwa a Disamba, kai ne za ka tuƙa mu zuwa Marwa?" Na ce masa in Allah ya yarda ni ne, kuma shi zai zauna a gaba ya riƙe takardu.