Hanburki ya daina riƙewa: a ɗaure kebul ko a buɗe duram?

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka cewa Corolla ɗinka ta 2005 sai ka ja hanburki har ya kusa ƙurewa amma in a gangare ne motar sai ta riƙa silalewa, bakanike ɗaya ya ce a ɗaure kebul kawai minti biyar an gama, ɗayan kuma ya ce sai an cire tayoyin baya an buɗe duram, wato kwanon ƙarfen da burkin baya yake cikinsa. To gaskiya ni ina bayan na biyun, amma bari in ajiye maka su gefe da gefe ka gani da kanka.

Ɗaure kebul ɗin nan abin da ake nufi shi ne akwai wani noti a gindin sandar hanburki, tsakanin kujeru biyu na gaba, in an ɗage robar wajen za ka gan shi, ana juya shi da sifana sai kebul ya ƙara tauri. Aikin ba wuya, ba tsada, ko taya ba a cirewa. Kuma yana da ranarsa, in shu ɗinka, wato abin da ke matse duram ta ciki ya tsayar da taya, sabo ne ko yana da sauran nama, ajasta mai saita tazarar shu da duram na aiki, kebul ne kawai ya ɗan saki saboda shekaru, to wannan shi ne maganin.

Matsalar ita ce ba kasafai kebul ke zama mai laifin ba. A motar da bayanta duram ne, shu ɗin da kake taka wa da ƙafa shi ne dai hanburki yake turawa, babu wani daban. Shu yana cinyewa, tazarar da ke tsakaninsa da duram tana ƙaruwa, shi ya sa sandar take ƙara hawa sama. Akwai ajasta a ciki mai haƙora kamar tauraro da ya kamata ya riƙa cike wannan tazarar da kansa, amma ƙurar hanyoyinmu da laka da tsatsa sai su cije shi ya tsaya cak. To ka ga in ka ɗaure kebul a wannan halin ɓoye ciwon ka yi, hanburki zai yi tauri a hannu ka ji daɗi, amma fedar burki tana nan tana nitsewa ƙasa kamar da, kuma in aka zarce da ɗauri shu zai riƙa gogar duram kana tafiya, rim ya ɗau zafi, mota ta yi nauyi ta ƙara shan mai, fuskar shu ta ƙone ta yi santsi kamar gilashi, har giris ɗin boris yana iya narkewa. Wallahi abin yana ba ni takaici in na ga an yi wa mutum haka an karɓi kuɗinsa, saboda magana ce ta rai.

Buɗe duram kuwa ya fi cin lokaci da kuɗi, amma shi ne kake ganin gaskiya da idonka. In duram ya ƙi fita kar a yi ta jibgarsa da guduma, yawancin na Toyota suna da ramuka biyu a fuskarsu, a ɗaura bol mai 8mm a ciki a hankali zai turo kansa waje. Da ya fita a duba naman shu, sabo yana kai wajen 4mm, in ya sauko kusan 1mm ya gama aiki. A ɗaga robar silindar da ke tura shu, in akwai danshin man burki to tana yoyo, kuma shu ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa komai fetur ɗin da za a zuba masa, sai dai canji. Shi ma duram ɗin yana da iyaka, an buga lambar a jikinsa, na irin motarka 200mm ne sabo, in faɗin cikin ya wuce 201mm ko ya yi zane mai zurfi to ya tashi daga aiki. Ka roƙe su kar su hure ƙurar ciki da baki ko da iskar kwamfuresa, tana illa ga huhu sosai, su jiƙa ta su goge. Kuma a yi gefe ɗaya a gama kafin a kwance ɗayan don a riƙa kallon yadda sifirin suke zaune, amma shu kam gefe biyu ake canzawa tare ko da ɗaya ne ya fi cinyewa, in ba haka ba mota ta riƙa ja gefe.

Sai an gama wannan, an sassauta kebul, an saita ajasta har shu ya ɗan taɓa duram sannan a dawo da shi kaɗan taya ta riƙa juyawa sumul, a taka burki sau da yawa, to sannan ne ake komawa kan notin nan na ciki. A ja sanda a ƙirga ƙas-ƙas ɗin, wajen 6 zuwa 9 ya kamata ta riƙe gam.

Akwai kuma inda duka biyun ba za su wadatar ba, wato in kebul ɗin kansa ya cije a cikin rigarsa. Robar tana tsagewa, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta kama. Alamarsa ka sauke hanburki amma taya ɗaya ta ƙi saki, ko a ɗaga bayan mota a jak a ja sanda ka ga taya ɗaya ta riƙe ɗaya tana juyawa. Masu otomatik sun fi faɗawa wannan don su dai su sa P su fita, shekara guda ba su taɓa sandar ba. Zuba wa kebul ɗin mai na kwana biyu ne, canji ne magani. In za ka shiga kasuwar kayan mota kamar Kofar Ruwa ko Panteka ka tafi da tsohon a hannu a gwada tsayi da bakinsa, na hagu da na dama ba lallai su zo ɗaya ba, in kuma ɗan Beljiyam ne ka ja wayar da hannunka ka ji tana zamewa ba cijewa kafin ka biya.

Kafin ka samu zuwa gareji ka riƙa barin ta a giya ko P in ka yi fakin, ka karkata tayoyin gaba gefen hanya, in gangaren ya yi yawa ka sa dutse. Allah ya tsare hanya.