Hattara da masu sayar da jabun tsofaffin zanen namun daji

Masu sha'awar tara tsofaffin zanen namun daji, a yi hattara. Akwai masu tallar zanen zaki, damisa ko karkanda a shafukan gwanjo da na Facebook, suna cewa daga littafin Buffon, masanin halittu ɗan Faransa, aka ciro shi, wanda aka fara bugawa a Faransa a 1749, ko kuma aikin Ridinger ne, gwanin zanen dabbobi na Jamus da ya rasu a 1767. Da yawa daga cikin kayan nan firinta ce ta fitar da su ba da jimawa ba.

Yadda suke yi ba boyayye ba ne. Sai su samo hoton zane na gaske, su buga a takarda mai kauri, su jiƙa ta da ruwan shayi ta yi ja-ja, su yayyafa mata ɗigo mai launin tsatsa. Daga nan su danne ta da falle na ƙarfe don ya bar shaida a gefe irin wadda farantin bugu yake bari a zanen gaske, su saka ta a tsohon firam su liƙe bayan. Firam ɗin nan shi ne mafakarsu, domin yana ɓoye gefen takarda da bayanta, inda gaskiyar take. Duk wanda ya ƙi ciro zane daga firam, ko ya ce manne yake ba ya fitowa, a bar masa kayansa.

Abu na farko da za a duba shi ne tawada. Zanen ainihi, da hannu ake ƙwarzanarsa a jikin farantin tagulla, a cusa tawada cikin tsagar, a goge saman, sannan a matse takarda mai danshi a kai da ƙarfi. Shi ya sa layin yake ɗan tasowa a kan takardar. A haska tocila daga gefe, a sa madubin ƙara girma mai ninki 10: gashin wuyan zaki zai fito layi-layi, kowane ɗaya a haɗe, yana kauri yana sirancewa har ya ƙare da tsini. A jabu kuwa layin a kwance yake, kuma madubi zai nuna ya wargaje ya koma ɗigo-ɗigo, ko dai a jere kamar raga, ko a warwatse da shuɗi, ja da rawaya a cikin abin da ido yake gani baƙi. Wannan gwajin kaɗai ya isa ya kama mafi yawansu.

Shaidar farantin, wato sawun da gefensa yake bari a takarda, ita ma tana tona asiri. Ta gaske, cikinta ya fi waje santsi saboda matsar da ya sha, kuma sau da yawa akan ga ɗan dushin tawada a bakinta. Wadda aka danna daga baya takan fito tsaf, wani lokaci ma ba ta daidaita da zanen ba. Amma a kula, ba kowane tsohon bugu ne yake da ita ba. Zanen dabbobin Arewacin Amurka na mai zane Audubon, na 1845 zuwa 1848, da dutse aka buga su ba da farantin tagulla ba, karkandan da Bajamushe Dürer ya zana a 1515 kuma da katako. In aka ga shaidar faranti a irin waɗannan, daga baya aka ƙara ta.

Sai takarda. A ɗaga ta wajen haske. Takardar da aka yi kafin 1750 da wani abu tana da siraran layuka a cushe, da wasu na tsaye masu tazarar santimita 2 zuwa 3, sawun ragar da aka yi ta a kai ke nan. Marar layi ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757, kuma ta daɗe kafin ta yaɗu. A haska mata fitilar UV irin ta duba jabun kuɗi: in ta yi ƙyallin shuɗi mai haske, akwai sinadarin ƙara fari da aka soma zuba wa takarda a shekarun 1950. Ruwan shayi kuma yakan rina ko'ina bai ɗaya, alhali tsufan gaske ya fi cin gefe-gefe da inda haske ya daɗe yana duka.

Akwai wata damfarar da ta fi wuyar kamawa, kuma ita ta fi ci mana rai. Farantin tsoho ne, amma bugun na baya-bayan nan ne, bayan tagullar ta lashe; siraran layukan kan dushe, inuwa ta yi fari-fari. Ko kuma zanen na gaske ne baƙi da fari, aka shafa masa launi yanzu don kuɗinsa ya tashi. Sayar da waɗannan ba laifi ba ne in an faɗa. Ɓoyewar ce ha'inci.

Kafin a biya, a nemi hoton gaba da baya ba firam, da hoton kusa na idon dabbar, da awon takarda da na faranti a santimita, a gwada da wanda gidajen tarihi suka rubuta a kundinsu. Takardar shaidar inganci da mai kaya ya buga da kansa ba hujja ba ce. A sa ya rubuta a rasit sunan littafin, shekarar bugu da ko launin na asali ne, da sharaɗin mayarwa. Wanda ya ce a bar shafin gwanjo a tura masa kuɗi kai tsaye don a sami ragi, so yake ya raba mai saye da hanyar ƙwato kuɗinsa, don haka a kai ƙararsa ga masu shafin.