Sharhina a kan littafin Another Man's War, labarin wani tsohon sojan yaƙin Bama

Jama'a wanda duk kakansa ko wani dattijo a unguwarsu ya je yaƙin Bama to ya nemi littafin nan na Barnaby Phillips, ya fito tun 2014, ni ta intanet na yi odarsa kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba duk da ina da ƙorafi.

Labarin wani Bayerabe ne mai suna Isaac Fadoyebo daga wani ƙauye kusa da Owo, yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Ingila a 1942, yaro ne ko gemu babu, bai san Japan ba bai san me ya haɗa su da Turawa ba, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya daga nan sai dajin Bama tare da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Shi ma'aikacin jinya ne, ba mai harbi ba. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, aka kashe na kashewa, shi kuma harsashi ya farfasa masa ƙafa aka bar shi kwance a daji ana ganin ai ya gama.

Wallahi daga nan ne littafin ya riƙe ni. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wanda shi ma ya ji rauni, talakawan ƙauyen ne suka riƙa kai musu shinkafa da ruwa a ɓoye, kuma mutanen nan Musulmi ne 'yan Rohingya, daga baya wani manomi Shuyiman ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa alhali ya san in Japanawa suka gano to shi da iyalinsa sun shiga uku. Wata da watanni suna hannun mutanen nan har sai ƙarshen shekarar aka ceto su. Su biyun Kiristoci ne amma suka ce su Musulmi ne don a ji tausayinsu, Isaac ya zama Sulaiman David ya zama Dauda, na yi dariya a wurin nan sannan jikina ya yi sanyi, don mutum in yana neman tsira da ransa ba abin da ba zai ce ba.

Marubucin ɗan jarida ne, ya yi wa BBC aiki a Najeriya kafin ya koma Aljazeera, kuma abin da ya burge ni bai tsaya a ɗan littafin da Isaac ya rubuta da kansa ba, ya nemo dattijon a Legas da ransa, sannan a 2011 ya tafi har Myanmar, wato Bama, ya gano zuriyar Shuyiman ya kai musu wasiƙar godiya. Isaac ya rasu a 2012. To ka tuna abin da aka yi wa 'yan Rohingya a 2017, sama da mutum 700,000 suka tsere Bangladesh, ka ga karatun sai ya ƙara nauyi.

Ƙorafina biyu ne. Tsakiyar littafin ya ja da yawa, tarihin siyasar Najeriya bayan 'yancin kai da yaƙin basasa, mu da muka san su sai ka ji kamar an rubuta ne don Bature. Na biyu shi ya fi ci min rai, Hausa ce fa harshen bariki a rundunar Najeriya ta lokacin kuma 'yan Arewa da yawa sun je Bama, amma muryarsu ba ta fito sosai ba, ko da yake ba laifinsa ba ne kacokan, namu sun dawo suna ba da labari a zaure babu mai rubutawa har suka ƙare.

Turancinsa mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare zai iya bi ba sai da ƙamus a gefe ba. Na ba shi 4 cikin 5, kuma in akwai mai iya fassara shi zuwa Hausa don Allah ya taimaka, zan sayi kwafi.