Ɗinkin ado a bargon haɗin ƙyalle: gida-gida ko ɗungurungum?

Wata 'yar'uwa ta ce hannunta ya faɗa a kan ƙyallen gwaji: tana sauke haƙoran keken ɗinki masu jan yadi, tana juya yadi da hannu, zane yana fita tsaf. Yanzu ta harhaɗa gidaje 20 masu inci 12, wato murabba'an haɗin ƙyalle da za su zama saman bargo, tana tambaya ko ta haɗe su su zama fuska ɗaya kafin ta yi ɗinkin adon, ko ta gama da kowane gida sannan ta haɗa.

'Yar'uwa, ƙyallen gwaji ya ɓoye miki abu biyu: nauyi da mahaɗar ɗinki. Shi sumul yake, ba ya jan hannu. Gidan bargo kuwa, inda kusurwa huɗu ko takwas suka haɗu yadi yakan yi tudu, ƙafar keke ta ci karo da shi, allura ta yi tsallake ko ta karye. Bambancin hanyoyin biyu shi ne, a gida-gida da tudun nan kaɗai za ki fama, a ɗungurungum kuwa da shi da nauyi lokaci guda.

Ɗauki ɗungurungum tukuna. Gida 4 a faɗi, 5 a tsawo, ya ba ki bargo mai inci 48 da 60. Shafin baya da audugar tsakiya su zarce fuskar da inci 4 ta kowane gefe. A miƙe shafin a ƙasa a manne shi da salatif, a ɗora auduga, a ɗora fuska, a soka fil mai makulli duk tazarar tafin hannu, wato wajen inci 4. Fil kusan 180 ke nan, kuma wanda ya yi rowarsa zai tarar shafi ya tattare a baya, ɗinki ya bi ta kai. Babbar matsalar ita ce sararin da ke tsakanin allura da jikin keke. A keken gida bai cika wuce inci 6 zuwa 7 ba, ga shi sai kin cusa inci 24 na bargo a ciki kafin ki kai tsakiya. Da zarar gefe ya zubo daga tebur, sai ya fizgi yadi: taku ɗaya ya yi tsawo, na gaba ya yi gajere, allura ta lanƙwashe. Maganinsa tebur a hagu da wani a bayan keke, a tara bargon a kai ba tare da an naɗe shi tamau ba. Kafin a sauke haƙori, a bi layukan da ke tsakanin gidaje da miƙaƙƙen ɗinki don su riƙe shimfiɗa ukun, sannan a fara ado daga tsakiya zuwa waje. Ribarta, zane na iya ƙetare gida zuwa gida, bayan bargo kuma ya fito yadi ɗaya babu gaɓa.

A gida-gida, gidan da bai shiga haɗi ba inci 12½ ne. Ki yanka masa auduga da shafi inci 14½, fil tara sun ishe shi. Girmansa ɗaya da abin da kika saba gwaji a kai, kina iya juya shi yadda kika so, idan kuma ya ɓaci gida ɗaya za ki farke. Amma wahalar ba ta tafi ba, ta koma wurin haɗi ne. Ɗinkin ado yana tsuke yadi, wanda ya fi cika ya fi tsukewa. Idan kika cika wani gida da ƙananan zagaye, kika bar wani da manyan layuka, ba za su zo daidai ba, kuma garin datse su ki daidaita sai ki cinye tsinin kusurwoyi. Don haka cikar ɗinkin ta zama ɗaya a duka 20 ɗin.

Haɗin kansa da siraran yadi biyu ake yi: na baya mai faɗin inci 1, na gaba inci 1¾ a ninke biyu a goge. A sa gida tsakaninsu a ɗinka da rubu'in inci, a ɗinka gida na biyu a ɗaya bakin siririn baya. Bakin audugar biyu zai haɗu ba tare da ya hau juna ba, sai a kifa ninkakken a kai a bi bakinsa da ɗinki. Gajerun haɗi 15 da dogaye 4 ke jiranki, kuma layukan za su fito a fuskar bargo. Wasu na ganinsu ado, wasu ba sa so.

Saitin keke ɗaya ne a duka biyun: sabuwar allura lamba 90/14, zare iri ɗaya sama da ƙasa, tsawon taku a sifili. Keken da ba shi da abin sauke haƙori, a rufe haƙoran da kati mai ɗan kauri, a huda wa allura hanya. Ki jawo zaren bobin sama kafin ki fara, in ba haka ba ya cukurkuɗe a baya. Idan kin ga zaren sama ya yi gashi-gashi a bayan bargo inda ɗinki ya lanƙwasa, hannu ne ya riga keke gudu. Ki rage saurin hannu kafin ki taɓa tenshan, wato abin daidaita ƙarfin jan zare. Duk lokacin da za ki gyara hannu, allura ta tsaya a cikin yadi.

A bargon farko gida-gida na fi ba ki shawara. Ki ɗinka ƙarin gida ɗaya da ragowar ƙyallen, da auduga da shafi irin na bargon, ki gwada tenshan a kansa, ki kuma ga yadda ƙafar ke hawa tudun mahaɗa. Inda tudun ya yi yawa, ki tsara zanen ya zagaye shi da rubu'in inci. Idan yawan haɗin ne ya dame ki, ki haɗa gida huɗu-huɗu su zama layi biyar, ki yi wa kowane layi adonsa. Faɗinsa inci 12 ne kawai a ƙarƙashin keke, haɗi kuma ya ragu zuwa dogaye 4.