Shekara uku da dasa gora a bakin katanga: abin da na gani

Maƙwabcina ya ɗora bene, tagoginsa biyu suka buɗe kai tsaye cikin tsakar gidana. Ba laifinsa ba ne, filinsa ne, amma daga ranar zaman waje da yamma ya gagare mu. Ƙara wa katanga tsayi kuma bai yiwu ba, magini ya ce harsashin ba zai ɗauka ba. Shi ne na koma ga gora. Iri uku na gwada: biyu suna nan har yau, ɗaya kuwa da diga na tone ta, ina gumi ina da-na-sani.

Wadda ta wahalar da ni ita ce Phyllostachys aurea, mai launin ruwan zinariya. A tukunya na gan ta, ta yi kyau ƙwarai, mai sayarwa ya ce ai ba ta da rigima. Na dasa guda uku ta ɓangaren da shingen waya ya raba ni da wani maƙwabcin. Shekarar farko shiru. A ta biyu sai ga tsiro mai tsini kamar mashi a cikin furanni, wajen mita biyu daga inda na dasa, sai wani ya leƙo ta tsakanin duwatsun daɓe. Wata safiya maƙwabcin nan, dattijo ne, ya kira ni ta saman shingen wayar, ya nuna mini gindin bishiyarsa, ya ce, "Malam, zo ka ga baƙuwar da ka turo mini." Cikin raha ya faɗa, amma kunya ta kama ni.

A lokacin na gane gora kashi biyu ce, kuma bambancin a ƙarƙashin ƙasa yake. Akwai mai yaɗo, wadda saiwarta ke tafiya a kwance ta ɓullo inda ta ga dama. Dangin Phyllostachys duk haka suke. Akwai mai dunƙule, irin dangin Bambusa da Fargesia, wadda sabon tsiro ke fitowa daf da uwarsa, gindin yana faɗi a hankali. Wanda ya nace sai mai yaɗo, to ya binne roba mai kauri kewaye da ita, zurfin santimita 60 zuwa 70, ya bar kamar santimita 5 a sama don ya ga saiwar da ke neman tsallakewa. Ni ban yi ba. Tonon ya ci mini ranakun hutu uku, kuma duk guntun saiwar da ka bari da gaɓa a jiki, sai ta sake tsirowa.

Wadda ta biya mini buƙata ita ce Bambusa textilis, nau'in da ake kira Gracilis, asalinta kudancin Sin. Guda 8 na dasa, tazarar mita ɗaya tsakaninsu, na kuma ja baya da katanga kamar mita ɗaya. Wata shidan farko har na fara zargin an cuce ni, don ko motsi ba ta yi ba. Ashe saiwa take kafawa. Da ruwa ya sauka a shekara ta biyu, sabbin sanduna suka fito, na riƙa yi wa ɗaya alama da alli a jikin katanga kowace safiya, ina samun ta haye alamar jiya da fiye da tsawon yatsa. Halin gora ke nan: sanda tana fitowa da kaurin da za ta mutu da shi, ta gama tsayinta cikin wata biyu zuwa uku, daga nan ba ƙari. Na shekara mai zuwa ne za su fi ta tsayi da kauri. Saboda haka kada tsayin da ka gani a tukunya ya ruɗe ka. Ka dubi girman gindin da yawan tsiron da ke fitowa.

A ƙarshen damina ta uku tagogin nan sun ɓace mana gaba ɗaya. Gracilis tana kai mita 6 zuwa 8, a miƙe take tsaye ba ta kwanciya kan hanya, kuma in iska ta kaɗa ganyen, sautin kaɗai ya isa a zauna a sha inuwa. Aibinta ɗaya: da ta girma, ƙasan ya zama sanduna zalla ba ganye. Ni wannan bai dame ni ba tunda akwai katanga a baya, amma mai son ta maye gurbin katanga zai ga ana leƙensa ta ƙasa.

Inda na cire mai yaɗon na sa Bambusa multiplex, nau'in Alphonse Karr, mai sanda rawaya da zanen kore. Ta fi Gracilis kyau a ido, kuma ganyenta tun daga ƙasa yake, don haka ta fi dacewa da shinge. Sai dai kanta yana sunkuyowa waje, dole a yi mata aski sau biyu a shekara. A yanke daidai saman gaɓa, in ba haka ba guntun da ya rage ya bushe ya yi muni. Ita ce kuma fararen ƙwarin nan masu kama da auduga suka fi so. Suna ɓuya a gaɓoɓi, su bar baƙin dauɗa kamar kunkunniya a ganye. Ruwan sabulu da feshin tiyo mai ƙarfi sun rage su, ba su kawar da su ba.

Abu biyu da ba wanda ya gaya mini: ƙishirwa da shara. A shekarar farko, in na yi kwana biyu ban ba gorar ruwa ba a lokacin zafi, sai ganyen ya nannaɗe kamar tsinke. Ganye kuma kullum yana zuba, har ya taɓa toshe mini magudanar ruwa. Yanzu turawa nake yi gindinta ya zama taki, ya kuma riƙe laima.

Fargesia da ake yawan yabawa a intanet ban saye ta ba: ta tsaunukan Sin ce masu sanyi, inuwa take so, rana mai zafi ƙona ta take yi. Bambusa oldhamii kuwa tana iya haura mita 15, ta fi ƙarfin ƙaramin gida.

Yanzu in zan sayi gora, ba na jin ta bakin mai sayarwa, yatsa nake bi da shi a jikin sandar. In na ji kwari a gefe ɗaya tsakanin gaɓa da gaɓa, ga reshe bibbiyu a kowace gaɓa, Phyllostachys ce, sai in ajiye. In sandar mulmulalliya ce, rassa da yawa a cunkushe, mai yiwuwa Bambusa ce. Makon jiya ma na tsinci wani ɗan tsiron tsohuwar mai yaɗon nan a bayan famfo, shekara guda bayan na ɗauka mun rabu.