Ɗakin haya a babban tsohon birni: wanne ɗalibi zai kama, wanne zai bari?

Wanda ya samu gurbin karatu a birni irin Alƙahira, Istanbul, Rum ko Paris yakan ɗauka wahala ta ƙare daga ranar da biza ta fito. Sai ya sauka ya tarar wurin kwana ne babban aikin. Tsakiyar waɗannan birane an gina ta tun kafin zuwan mota da famfo da lantarki, ba kuma a yarda a rushe a sake gini yadda aka ga dama. Ga 'yan yawon buɗe ido, waɗanda masu gidaje suka gano cewa ba su ɗaki na kwana uku ya fi kawo kuɗi a kan ba ɗalibi na wata tara. Ɗakuna kaɗan, masu nema da yawa, mafi yawansu baƙi ne da ba su san gari ba.

Gara in faɗi zaɓina tun yanzu: ɗaki ɗaya a cikin gidan da ɗalibai uku ko huɗu suka haɗu, a wajen tsohon gari, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma sunanka na kan takardar haya. Zan dawo kansa, amma bari mu sallami sauran tukuna.

Ɗakin kwanan jami'a, in ka samu, ka karɓa a shekarar farko. Shi ya fi araha, kuma babu wanda zai gudu da kuɗinka. A Faransa hukumar CROUS ke raba su, a Alƙahira jami'ar Azhar tana da Madinatul Bu'us a unguwar Abbasiya don ɗalibai baƙi, a Paris kuma akwai unguwar ɗaliban ƙasashen duniya da aka kafa a 1925, sai dai ta fi karɓar masu digiri na biyu zuwa sama. Matsalar ɗaya ce, gadajen ba su kai yawan masu nema ba, wanda ya jira har ya iso gari ya makara. Gidajen ɗalibai na kamfanoni masu zaman kansu suna da tsafta da tsaro, amma kuɗin wurin motsa jiki da falon kallo da ba za ka shiga ba kake biya. Zama da iyalin mai gida yana koyar da harshe da sauri, sai dai kullum baƙo kake, da dokar lokacin dawowa da ta shiga kicin.

Wanda ya fi ruɗar sababbin zuwa shi ne ƙaramin ɗaki na kai kaɗai a tsakiyar tsohon gari. Hoton yana da kyau, taga na kallon hasumiya ko tsohon titi na dutse. A Paris yawancin irin waɗannan ɗakunan 'yan aiki ne na gidajen ƙarni na 19, a hawa na shida ko na bakwai, ƙarƙashin rufin kwano, sau da yawa babu lifta, banɗaki kuma a waje ana haɗawa da maƙwabta. Da zafi ɗakin ya gasa ka, da sanyi ya hana ka barci. Dokar Faransa ta 2002 ta sa ma'aunin ɗakin da za a ba da haya a murabba'in mita 9 da tsayin rufi mita 2.20, abin da ke nuna maka irin ƙanƙantar da ake magana. Sannan ka bincika inda ajinka yake kafin ka biya tsadar tsakiyar gari. Masallacin Azhar yana cikin tsohuwar Alƙahira, amma tsangayoyi da yawa na jami'ar suna unguwar Madinatu Nasr, a wajen tsohon gari. Jami'ar Paris-Saclay tana da Paris a sunanta, alhali tana can kudu maso yammacin birnin, tafiyar jirgi ce sosai.

To, gidan haɗaka. Kuɗin wuta, ruwa, gas da intanet ana raba su gida uku ko huɗu. Kana samun kicin na gaske inda za ka dafa abincinka, wanda shi kaɗai yana rage kashe kuɗin wata ƙwarai. Kana samun waɗanda suka riga ka zuwa, su nuna maka ofishin da ake sabunta izinin zama da layin motar da ke aiki bayan tsakar dare. Ran da zazzaɓi ya kwantar da kai akwai mai ƙwanƙwasa ƙofa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda iyayensa ke wata nahiya. Unguwannin da ke zagaye da tsohon gari galibi gininsu ya fi sabunta, bututun ruwa da wayoyin wuta sun fi lafiya, kasuwarsu kuma ta mazauna ce, farashinta ba na baƙi ba ne. Ka auna nisa da minti, kada ka auna da taswira. Minti 25 a jirgi ɗaya kai tsaye ya fi minti 15 da sai ka canza mota sau biyu.

Amma gidan haɗaka iri biyu ne, a nan ake faɗawa rami. Akwai wanda kowa ke da takardarsa da mai gida a kan ɗakinsa. Akwai wanda dukkanku kuka sa hannu a takarda guda, inda in ɗaya ya kwashe kayansa ya tafi, mai gida na da ikon bin sauran kuɗin hayarsa. Ka nemi na farko. In na biyun ne kawai, ka san su waye za ka haɗa wuya da su.

Abin da nake fara dubawa a kowane ɗaki shi ne danshi. Na yi hunturu guda a ɗakin da aka shafe bangonsa da sabon fenti kafin in shiga, sanyi na kamawa baƙin funfuna ya keto ta bayan kabad, littattafaina suka yi laushi, tari kuma bai sake ni ba sai da na tashi. Mai gidan cewa ya yi ni ne ba na buɗe taga. Don haka ka ja kabad ka leƙa bayansa, ka shafa bangon da ke fuskantar waje, ka sansana. Ka buɗe famfo a banɗaki ka ga ƙarfin ruwa, musamman a saman bene. Ka tambayi da me ake ɗumama ɗakin da wanda ke biya, domin tsohon gini mai dogon rufi yana shan wuta. In tukunyar ruwan zafi ta gas ce kuma tana cikin banɗakin da ba shi da mafitar iska, ka fita kawai. Iskar da take fitarwa in ta lalace ba ta da wari, tana kuma kisa. A Ingila dole mai gida ya sa a duba kayan gas duk shekara ya ba ɗan haya takardar. A Istanbul ka tambayi shekarar ginin, ko kafin girgizar ƙasar 1999 ne ko bayanta.

Sai takarda. Ɗakin da babu takarda ba ɗakinka ba ne, ko da ɗan ƙasarku ne ya ba ka, ko kuna sallah sahu ɗaya. Da takardar ake rajistar adireshi, da adireshin ake samun izinin zama da asusun banki. A Jamus ana rajista cikin mako biyu da tarewa, kuma sai da shaidar mai gida. A Italiya yarjejeniyar ɗalibai tana kamawa daga wata 6 zuwa 36, ana kuma yi mata rajista a hukumar haraji cikin kwana 30. Kuɗin ajiya ma yana da iyaka a wurare da dama: hayar wata ɗaya a Faransa in ɗakin babu kaya, wata biyu in da kaya, wata uku a Jamus, mako biyar a Ingila bisa dokar 2019. Wanda ya nemi fiye da haka ya san ba ka san doka ba ne.

'Yan damfara kuwa sun san lokacin da ɗalibai ke cikin ruɗu, wato makonnin da ke gaban buɗe makaranta. Tsohon salonsu shi ne gida mai kyau da araha a Facebook, mai gidan wai yana ƙasar waje da aiki, mutum ne mai ladabi, har hoton fasfonsa zai turo maka a WhatsApp, ka tura kafin alƙalami ya aiko da makulli. Fasfon na wani ɗalibi ne da suka cuta kafin kai, naka kuma da ka tura shi za su nuna wa na bayanka. Wani zai turo maka shafin biya mai kama da na sanannen kamfani, tambari da launi duk iri ɗaya, harafi ɗaya ne ya bambanta a adireshin. Wanda ya fi muni shi ne mai kama gida na kwana biyu, ya zagaya da ɗalibai goma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga ɗaki da idonsa, kowa ya biya, ranar tarewa su haɗu a bakin ƙofa. Saboda wannan, gani ya kori ji bai wadatar a nan ba. Ka nemi shaidar cewa gidan nasa ne, ko rasit ɗin wuta mai sunansa, ka gwada da katin shaidarsa. Ka tsaya ka gaisa da maƙwabci, ko mai gadin bene irin bawwab na Alƙahira, ka tambaye shi wane ne mai gidan nan. Akwai kuma dillalin da ke karɓar kuɗi don ya ba ka jerin lambobin gidajen da tuni aka kama. La'ada bayan an sa hannu ake biyanta. Akwai ɗan hayar da ke sake ba da ɗaki ba da sanin mai gida ba, ran da asiri ya tonu kai za a fitar. Duk wanda ya ce akwai mutum biyar a bayanka, ka biya yau ko ka rasa, ƙyale shi ya ba su.

Ka kama masauki mai araha na mako biyu na farko, ka nemi ɗaki da ƙafarka. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane bango, katifa, taga da lambar mita, ku rubuta abin da ya lalace ku sa hannu ku biyu, sannan ka biya ta banki da sunan da ke kan takardar.