Eriyar ciki ko ta waje: wacce ta dace da jirginku na Tiga?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu na samu sarari a shago. Ka ce ka sayo na'urar GPS a Sabon Gari za ku ɗaura wa jirginku na kamun kifi a dam ɗin Tiga, kana so ka san ko eriyar da ke cikinta ta wadatar, ko sai ka ƙaro ta waje.

Kafin ka sake kashe ko sisi, ɗaga kai ka dubi abin da ke saman inda za a kafa na'urar. Taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,200, saƙonsu kan iso ƙasa da rauni ƙwarai, kuma sai na'ura ta ji aƙalla huɗu kafin ta faɗa maka inda kake. Tamfol ba ya tare wannan saƙo, haka ma roba. Kwano kuwa yana tare shi. In jirgin a buɗe yake, ko rumfarsa ta tamfol ce, eriyar ciki ta ishe ka, kuma ita na fi so maka: waya biyu ce kawai zuwa batir mai bolt 12, ja da baƙa, ka sa fiyus a kan jar kusa da batirin, shi ke nan. Babu wata doguwar waya da ruwa zai shiga.

In rumfar ta kwano ce, a nan ne ta waje take da rana. Amma fara juya na'urar ka duba bayanta, domin da yawa daga cikin ƙananan ba su da mashigar eriyar waje ko kaɗan.

Ta wajen ma iri biyu ce, mutane kuma suna yawan cakuɗa su. Ɗaya eriya ce zalla, wayarta irin ta talabijin mai zuciya ɗaya, ta cikinta na'urar ke tura mata 'yar wuta. Wannan wayar ce ke ba ni tsoro. Kada a yanke ta a murɗa a naɗe da salatif kamar yadda muke yi wa ta dish a gida. Danshi zai shiga mahaɗar, ƙarfin saƙo ya dinga raguwa kullum, kai kuma ka zaci na'urar ce ta lalace. In ta yi tsawo, naɗe ragowar a sake ka ɗaure. Ɗayar kuma kanta ke lissafin wuri, ta aiko wa na'ura da sakamako ta tsarin NMEA, wato tsarin da na'urorin jirgin ruwa ke musayar bayanai da shi. Tsohon tsarin, NMEA 0183, sirara-siraran wayoyi ne da za ka haɗa da hannu, ta aikawa ta shiga ta karɓa, gudun aika bayanai ya zama 4800 a ɓangarori biyu, kuma kada ka dogara da launin waya, kowane kamfani da nasa. Sabon, NMEA 2000, soket ne a soket, sai dai dole a toshe ƙarshen layin biyu da marufinsu mai om 120. Ya fi sauƙi, ya fi tsada, kuma ga jirgi mai na'ura ɗaya ban ga dalilin wannan kuɗi ba.

Wajen kafawa, kada ka ɗauko dabarar dish. Dish tauraro ɗaya yake kallo, su kuwa waɗannan zagaya duniya suke sau biyu a rana, don haka eriyar sama kawai za ta kalla, a miƙe. Ba ta buƙatar tsawo. In ka ɗora ta a kan doguwar sanda, duk tangaɗin da jirgi ya yi sai ta ninka shi, alkiblar da ke allo ta dinga rawa. Saman rumfa ya isa. In kuna da rediyon oba-oba, a raba eriyarsa da ita kamar mita ɗaya.

Abin da ya sa na damu a yi aikin da kyau, hazon hunturu ne. Ranar da ya sauka a Tiga ba ka ganin gaɓa, amma ƙura ba ta hana GPS aiki, kuma GPS ba ta neman layin waya ko data. A ranar ne ba a so wayoyin na'urar su ba da kunya.

Turo min hoton bayan na'urar da na rumfar, in gaya maka wacce za ka ɗauka.